Yaron da aka kawo mini yaye

Shekarun baya can, lokacin ina koyarwa a wata lakol a Agiye, aka taɓa kawo mini yaro yaye, ni da ban taɓa haihuwa ba. A kan rashin haihuwar ma aurena ya mutu, ba faɗa ba zagi, kowa ya gaji da jira ne kawai. Sai na kama ɗaki a gidan wata tsohuwa, daga ni sai ita sai awakinta. Da rana ina cikin hayaniyar ƴaƴan mutane, da yamma in dawo ɗakin da ba mai amsa mini sallama.

Girki kuwa na daina shi tuntuni. Wa zan dafa wa? Burodi da shayi da safe, garin rogo ko awara da rana, kuma a tsaye nake ci. Tukwanen aurena suna ƙarƙashin gado, gizo-gizo ya yi gida a ciki.

Ƙanwata tana aure a wani ƙauye bayan Gidan Rumji. Ɗanta na fari yana wata tara ta samu wani cikin, tsofaffin gidan mijinta suka ce nonon ya ɓaci, a cire yaron. Daga baya wata ma'aikaciyar asibiti ta ce mini ba dole ba ne, amma a lokacin an riga an raba su. A al'ada gidan kaka ake kai yaro yaye. To mahaifiyarmu ta rasu, ni ce babba, sai aka tuna da ni. An kuma yi sa'a lokacin babban hutu ne, damina ta kankama.

A wajenmu yaron da aka kai yaye sau da yawa can yake zama, musamman ɗan fari da uwa take jin kunyarsa. Ni kaina a hannun gwaggona na tashi. Babu wanda ya ce mini an ba ni yaron nan, babu kuma wanda ya ce aro ne. Ni ce na zaɓi wanda zuciyata ta fi so a ciki.

Ita da mijinta suka kawo shi, a ranar suka juya. Ta miƙo mini shi tana kallon gefe, ta ce, "Yaya, ga shi nan. Bai taɓa yarda da komi ba in ba nono ba. Ko hura anka ɗiga mai, sai shi tofar." Na ce kada ta damu, ni da nake riƙe aji guda, jariri ɗaya ne zai gagare ni? Har ta fita ba ta waiwayo ba, amma na ga gaban rigarta ya jiƙe.

Ya kuwa gagare ni. Na dama kunun gero da tsamiya, ya kau da kai. Na sayo koko, ya ture cokalin. Madarar gari da aka ce in ba shi, sai ya kurɓa sau ɗaya ya rufe baki gam. Abin da ya fi ci mini rai shi ne in ya gaji da kuka, sai ya riƙa cusa kansa cikin rigata yana neman abin da ba ni da shi. Na sha jin gorin rashin haihuwa daga manya, amma ba wanda ya taɓa ni kamar wannan, daga wanda bai ma iya magana ba.

Tsohuwa mai gidan ta leƙo ta ce, "Malama, ɗura za ki yi mai. Ki kwantar da shi bisa cinya, ki toshe hanci, in ya buɗe baki ki zuba. Duk haka aka yi mana, ga mu nan ba mu mutu ba." Na miƙa mata shi ta gwada. Ya ƙware, kunun ya fito ta hanci, ya amayar da ɗan abin da ke cikinsa. Yana kukan yana kallona, kamar ni ce na bashe shi. Na karɓe shi na ce, "Inna, a bar shi haka nan." Ta kaɗe zanenta ta ce, "To ki zamna da bokonki, mai gidana shina ramewa."

Gaskiyarta ce, yana ramewa. Wuyansa ya fito, fatar cinyarsa ta saki. Na kai shi asibiti, ma'aikaciyar ta zagaya masa abin awo mai launuka a dantse, ya tsaya a kan ruwan ɗorawa. Ta nuna mini jan da ke gaba ta ce in ya kai nan tamowa ce, sai an kwantar da shi. Tsoro biyu ya kama ni a wurin, kuma ba zan ɓoye muku ba: kada yaron ya lalace, kada kuma a ce na kasa a zo a ɗauke shi.

Ma'aikaciyar ce ta koya mini haɗin garin kunu. Gero ya fi yawa, sai wake, sai gyaɗa, kowanne a soya shi daban sama-sama, a cire ɓawo, a niƙa tare, a tankaɗe da rariya mai laushi. Ta ce kunun ya yi kauri, don tsararo ruwa ne kawai yake cika ciki. In kuma ya yi masa wuyar haɗiya, in jiƙa gero in lulluɓe shi da jiƙaƙƙen buhu har ya yi tsiro, in shanya in daka, in barbaɗa kaɗan bayan na sauke, zai saki ya yi ɗan zaƙi. Na dawo na jawo tukwanen nan na wanke. Waken farko na ƙona shi ƙurmus, har mai injin niƙa ya tambaye ni ko gawayi na kawo. Tsiron gero kuwa, ina shanyawa hadari na tasowa, ina kwashewa rana na fitowa, ga awakin Inna sun sa mini ido.

Garin ya haɗu, kunun ya yi ƙamshi har tsakar gida. Na ɗora shi a cinya, na kai cokali. Ya rufe baki.

Wata rana da la'asar ana ruwa, na yi ta fama da shi har na sare. Na ajiye shi a ƙasa, na zauna a tabarma na juya masa gefe. Yunwa nake ji, ga kunu yana hucewa, sai na ɗauki kwanon na fara sha ina hawaye, malamar lakol guda tana shan kunun jariri. Can na ji ɗan hannu a gwiwata. Ya rarrafo ya dafa ni, ya tsoma yatsunsa cikin kwanon ya kai baki. Na juyo da sauri, ya tsaya cak. Na mayar da kaina gefe na ci gaba da sha, ina satar kallonsa ta wutsiyar ido. Ya sake tsomawa, ya sake. Da na kai cokali bakina sai ya kamo hannuna ya jawo shi zuwa nasa.

Ashe ba kunun yake ƙi ba, a ba shi ne ba ya so. Duk wanda ya tunkaro shi da cokali yana kallon bakinsa, abokin gaba ne. Amma in kana cin abinka ba ruwanka da shi, to wannan abincin na ƙwarai ne, dole ya sa hannu.

Daga ranar muka koma cin abinci tare, kwano ɗaya, a zaune. Ni da ban zauna cin abinci da kowa ba tun mutuwar aurena. Na fara ƙara masa abubuwa a hankali: dafaffen dankali da na murje, kabewa, gwaiduwar ƙwai, garin busasshen zogale a cikin kunu, daga baya tuwo mai laushi da miyar kuka ba barkono. Madarar ma ya karɓe ta a kofi, muddin na fara kurɓa. Tunda komai sai na ci kafin ya ci, ni ma na fara murmurewa. Inna ta dube ni wata safiya ta ce, "Wai wa aka kawo yaye gidan nan, ke ko shi?"

Ban taɓa jin daɗin rayuwa irin na watannin nan ba. Na koyi goyo, bayan ya kusa zamewa ba sau ɗaya ba. Ranar kasuwa ina tafe da shi a baya, mata suna cewa "Malama, ina kwanan ɗan naki," ni kuma ina amsawa ba tare da na gyara musu ba. Muka koma asibiti, abin awon ya tsaya a kan kore. Na kai wa tela yadi na ce ya ɗinka masa riguna da ɗan girma, don shekara mai zuwa. Har na gama magana da Inna cewa in an koma lakol ita za ta riƙe shi zuwa in taso.

Gab da ƙarewar hutu, an fara yankan gero, sai ga mijin ƙanwata. Bayansa akwai ƙanwarsa, budurwa, da zanen goyo a kafaɗa. Ina ganin zanen nan na gane.

Ya ɗaga yaron yana juya shi, ya ce, "Yaya, wanga shi ne? Allah shi saka maki da alheri." Muka gaisa, ya sha ruwa, sannan ya sunkuyar da kai ya ce, "Uwa tai ba ta barci. Tunda shina cin abinci yanzu, sai mu tahi da shi." Na ce ai ba komai, ɗanku ne. Na shiga ɗaki na haɗa kayansa har da sababbin rigunan, na ƙulle musu sauran garin kunun. Ban yi musu bayanin yadda yake ci ba, don na san in na buɗe baki kuka zai fito. Yana bayan budurwar yana miƙo mini hannu har suka sha kwana.

Ba zan iya kwatanta muku shirun ɗakin nan ba. Da can shiru ne kawai, na saba da shi. Yanzu kuwa na san abin da babu.

Ba a yi mako ba ƙanwata ta kira ni da hantsi, ina tsakar gidan lakol ana sharar komawa aji. Muryarta a dishe. Ta ce, "Yaya, ya ƙiya. Garin da kinka aiko na dama, ya ƙiya. Hura, tuwo, duk ya ƙiya, ya koma rama. Uba nai ya ce in abin ya ƙi, a maido maki shi, shi zamna nan wurinki har shi yi wayo." Sannan ƙanwar tawa da ko sunansa ba ta faɗa saboda kunya ta ce, "Amma Yaya, ni ina son ɗana kusa gare ni. Don Allah mi kike yi mai?"

Abin da zan ce kawai shi ne "ku maido shi," kuma babu mai ganin laifina. Kowa ya shaida a hannuna yake ci, har godiya za a yi mini. Na tsaya da waya a kunne ina kallon yara suna kwasar ciyawa, har ta ce, "Alo? Yaya, kina ji na?"

Na ce, "Ina jin ki. Ki shimfiɗa tabarma ki zauna, ki ajiye shi ƙasa. Kada ki ba shi, kada ki kalle shi. Ki ci abinki kamar ba ya wurin. Ki kori kowa daga kansa, kuma kada ki bari a yi masa ɗura."

Kafin magariba ta sake kira, tana dariya tana kuka. Ta ce, "Ya ci, Yaya. Ya shanye, har ya kife kwanon bisa kai nai." Na ce Alhamdulillahi, kuma har zuciyata na faɗa. Da ta kashe wayar na zauna a bakin gado na yi kukan da ban yi ba ranar da aka tafi da shi.

Yanzu ya girma, yana lakol, dogo ne, lafiyayye. In na je can yakan zo ya durƙusa ya gaishe ni kamar yadda yake gaida kowace babba. Uwarsa takan ce masa, "Ita ta yaye ka fa," sai ya yi murmushin kunya ya fice wurin abokansa. Bai tuna komai ba, kuma ba laifinsa ba ne. Ni dai in wata ta tambaye ni yadda za ta fara ba jaririnta abinci, nakan faɗa mata haɗin garin, in ce ta zauna ta ci tare da shi, in tsaya nan.

A daminar nan abu biyu na yi ta roƙon Allah, ya ci abinci, kuma a bar mini shi. Ban san ɗaya za a ba ni ba, ban kuma san ni za a ce in zaɓa ba. Da za a sake tambayata yau, abin da na faɗa a wayar nan shi zan sake faɗa, kuma na san zan sake yin kukan.