Wace Rijiya Ce a Ciki?

"To wace ce a ciki, 'yata?" in ji Mai unguwa. Bayansa mata sun yi cirko-cirko da bokitai.

Ni ma'aikaciyar lafiya ce a wani ƙauye kusa da Aujara. Kwana uku yara suna ta gudawa. Sai na tuna bara masu bincike sun ɗebi ruwan rijiyoyinmu. Na lalubo rahotonsu a waya, gabatarwar ta ce akwai rijiyar da bai kamata a sha ba. Na danna in ga wace ce, wai sai na biya da dala.

"Ranka ya daɗe, sun kulle sauran. Sai da kuɗi."

Ya ce, "Da hannuna na ja musu gugan nan, har fura na ba su."

Na ce kowa ya tafasa ruwa, na tura wa masu binciken saƙo. Har yanzu shiru. Ɗazu na ga wata mai goyo tsaye tsakanin rijiyoyi biyu, ta rasa wadda za ta zura wa guga.

Jama'a, ilimin da aka ɗebo a rijiyarmu, don me sai da dala za mu sha?