Ƙarafuna Biyu da Rijiyar Isiya

Kafin in lalace, ni ɗan dako ne a bakin iyakar Jibiya. Ina tura kura da buhunan masara, in yamma ta yi in kai wa mahaifiyata abin cefane. Ba ni da komai, amma ba a taɓa nuna ni da yatsa ba.

Wata rana a Magama na ga wani baƙo riƙe da ƙarafuna biyu na tagulla, lanƙwasassu, yana zagaye gona jama'a na biye da shi. Da ƙarafunan suka haɗe kai sai ya ce nan ruwa yake. Na liƙe masa ina ɗaukar masa jaka. Da muka saba ya faɗa mini gaskiya yana dariya: ƙarfe ba ya jin ruwa, hannu ne ke karkata, kaɗan ɗin da ko mai hannun ba ya lura. In an haƙa an samu, kai ne gwani. In ba a samu ba, ka ce aljanu sun janye shi.

Na sa maƙeri ya yi mini nawa. Na fara da kwari, inda ko makaho ya nuna za a tarar da ruwa. Nan da nan na zama Malam Mai Ƙarfe. Har masu neman duwatsu masu daraja suka riƙa ɗaukata a babur, ina nuna musu inda za su karya ƙugunsu a banza.

Sai wani ƙauye bayan Farfaru suka aiko. Matansu sun gaji da tafiyar ɗibar ruwa. Na nuna wani tudu kusa da gidan mai unguwa, don kawai in faranta masa. Mai haƙar rijiyarsu sunansa Isiya, shi kaɗai ne ɗan wata tsohuwa, Inna Hajo. Ya murza ƙasar a hannu ya ce yashi ce, ba za ta riƙe ba. Na ce masa shi da ƙarfe wa ya fi gani? Aka yi masa dariya, ya ɗauki diga.

Rami ya yi zurfi, ba ko danshi. Na ga an fara yi mini wani kallo. Ran Juma'a da maza suka tafi masallaci, na sayi jarka biyu wurin ɗan garuwa na tuttule a ciki. Da aka dawo aka leƙa, mata suka rangaɗa guɗa. Isiya ya kama hannuna ya ce in yafe masa musun da ya yi mini. Ya ɗaura igiya ya sauka. Ruwan da na zuba ya riga ya jiƙa gindin bangon. Ina tsaye a bakin ramin ya rufta da shi.

Aka yi ta tono, yashi na komawa. Daga ƙarshe aka sallace shi a nan, aka cike ramin. Ɗan garuwa ya faɗi abin da ya sani, alƙali ya tura ni gidan yari. Ina can mahaifiyata ta rasu, ban ga gawarta ba.

Da na fito na je neman gafarar Inna Hajo. Na tarar idonta ya kusa tafiya. An noma tudun shekara da shekaru, alamar ramin ta ɓace. Na durƙusa, ban ma buɗe baki ba ta ce, "Ɗan nan, ƙarafunan naka suna nan? Taho ka gwada min daidai inda yake, in riƙa zuwa ina yi mishi addu'a."

Har yau ba ta daina yarda da su ba. Na ce, "Inna, ba su ganin komi. Ba su taɓa gani ba."

Ta ce to in tashi in tafi.

Na tuba, ina roƙon Allah gafara, amma ban san da wace fuska zan tsaya gaban Isiya ba. Samari, ku ji tsoron ƙaryar da ake tafa muku a kanta. In ba ku sani ba, ku ce ba ku sani ba, tun ana iya jin haushinku a wuce. Ni sau ɗaya na faɗi gaskiya game da ƙarafunan nan, kuma ranar na raba tsohuwa da ɗan abin da ya rage mata.