Balan-balan da Binne

Ban iya rubutu ba, faɗa nake ana rubuta mini. Da ranin shekarar da maigidana Malam ya rasu, wasu masu bincike daga jami'a suka zo Rogo. Mai unguwa ya ce suna son manoma, maza da mata, a ajin firamare. Malam ya tambaya ko caca ce. Aka ce masa ba wanda zai sa abinsa a ciki, ana so ne a auna yadda kowa yake yin kasada. Sai ya yarda muka tafi.

Aka zaunar da kowa gaban kwamfuta, da katako a tsakani don kada wani ya leƙi wani. A gilashin akwai hoton jan balan-balan. Wata malama ta durƙusa ta gaishe ni, ta nuna mini: in na danna zai ƙara kumbura, ladana na sabulu ya ƙaru. In ya fashe, na wannan karon ya tafi. Ina iya tsayawa duk sanda na so.

Ni da ya ɗan tasa sai in tsaya. Daga bayan katakon kuwa ba abin da nake ji sai fas, fas, da dariyar Malam. Na fito da sabulu cike da gefen mayafi, shi kuma da guda ɗaya a aljihu.

"Ke kam," in ji shi a hanya, "ko kwata za ki tsallake sai kin yi istihara."

Na ce masa ai da istiharar tawa za a wanke masa riga.

Haka yake a gona. Shi mai binne ne, yakan shuka dawa a busasshiyar ƙasa tun ruwa bai sauka ba. Wata shekara mu riga kowa, wata shekara a yi yayyafi a ɗauke, iri ya ruɓe. Kowace bazara sai mun yi musu a kan wannan.

Ya rasu bayan an kai dawa rumbu, Allah ya ji ƙansa. Har yau in na ga rigarsa sai hawaye. Ya bar zangarniyar da ya ware ta iri da hannunsa, irin mahaifinsa ne, ban san mai shi ba a duk ƙauyenmu. In ya lalace, ya ƙare ke nan.

Bana da zafi ya tsananta, babban ɗana ya ce, "Inna, mu jira ruwa ya zauna. Ba mu da wani iri bayan wannan."

Maganata ce ta kullum ya faɗa mini. Amma da na ji ta a bakin wani, sai na ga ba mai yi mana musu kuma, na fashe da kuka. Na ce ya ɗauko sungumi. Yana sara, ina jefa iri ina rufewa da diddige, har muka kai gindin bishiyar kuka inda gonar ta ƙare.

Iri cikin tafi ɗaya dai na ƙulle a gefen mayafi, ban gaya wa kowa ba. Da Malam yana nan da ya yi mini tsiya.

Ruwa bai sauka ba tukuna. Kullum bayan la'asar nakan fita ƙofar gida in dubi gabas.