Kwamfutar da Ke Suma Idan Na Fita

A shekarar da Inna ta zo Arlit babu abin da nake so kamar ta zauna tare da mu. Bayan rasuwar Baba na je Mirriya, can ƙasar Damagaram, na ɗauko ta, da roƙo da sa bakin kawunnaina, amma tun ranar da ta sauka daga mota take zancen komawa. Ba da ni take zancen ba, domin ni ne ɗanta na fari. Ba ta kiran sunana, ba ta zama inda nake zaune, in tana da magana da ni sai ta faɗa wa matata ko da ina tsaye a wurin. Ƙorafinta ɗaya ne, wai a gidan nan ba ta da aiki. Famfo ya ɗebo ruwa, gas ya hura wuta, ita kuwa an ajiye ta sai ci sai barci. Ta ce da zarar zafi ya sauka za ta koma, ko da ita kaɗai za ta riƙa kwana a gidan. Maganar tana ci mini rai ƙwarai.

Da rana ina aiki a shagon kayan gyaran manyan motoci, in na tashi kuma ina haɗa fim ɗin biki da na suna. A wannan fannin ba na jin nauyin yabon kaina, na iya. Kwamfutar da nake aikin da ita ni na harhaɗa ta da hannuna, na kuma ƙara wa furosesa, wato ƙwaƙwalwarta, gudu fiye da yadda maƙeranta suka tsara. Masana sun ce kada in yi haka a garin da ƙarfen ƙofa ke ƙona hannu. Na saurare su, na sa mata manyan fankoki, na gwada ta har na gamsu, ta kuwa yi ta aiki lafiya lau. Da safe nakan ɗora mata fim ta yi ta fitarwa, in tafi shago, matata ta tafi lakwal inda take koyarwa, da la'asar in tarar ta gama.

Da bazara ta kama sai fankokin suka fara kuka kamar injin markaɗe. Na yi ta mita a tsakar gida cewa zafin nan zai kashe mini ita. Ba a jima ba ta fara suma. In dawo in tarar allo ya yi shuɗi, fim ya tsaya a rabi, yau ta ce laifin wannan sashe ne, gobe ta ce na wancan. Masu biki suka fara sintiri a ƙofar gidana, ni da ban taɓa saɓa wa kowa rana ba.

Kamar kowane ɗan Arlit, kuran, wato wutar lantarki, na fara zargi. In firiji ya lalace, in shinkafa ta ƙone, mu dai tashar wutar Anou Araren muke harara. Na aro na'urar daidaita wuta na haɗa, ta sake suma. Na cire sandunan ajiya da muke ce wa barat, na goge bakinsu, na gwada su ɗaya bayan ɗaya, duk lafiyarsu ƙalau. Na sake shafa man da ke tsakanin furosesa da ƙarfen sanyaya ta. Daga ƙarshe, ba da son raina ba, na rage gudun da na ƙara mata. Suman ya ragu amma bai daina ba, daga nan na san ba ƙarin gudun ne tushen ciwon ba. Abin da ya fi ɗaure mini kai shi ne ranar Lahadi in na zauna da ita, ko rana ta take tsaka, ba ta ko tari. Matata ta ce ai shagwaɓa ce, na lalata ta da reno har ba ta son a bar ta ita kaɗai.

Abu ɗaya ya sanyaya mini rai a waɗannan makonnin: Inna ta daina zancen Mirriya. Har na ji ta tana ɗan raira waƙa a bakin famfo.

Sai na sa kwamfutar ta riƙa lura da zafin jikinta in ba na nan. Abin da na gani ya ba ni mamaki. Zafin ba a hankali yake hawa ba kamar yadda rana ke yi, da hantsi yake tashi gaba ɗaya, kamar an toshe mata hanci. Na duƙa na duba ragar da iska ke fita ta sama, sai ga farin tabo irin wanda ruwan garin nan ke bari, ga kuma zaren buhu ya maƙale a fanka. Washegari na ɗora fim, na fita kamar kullum, kafin azahar na dawo.

Na tarar da ita lulluɓe da jiƙaƙƙen buhu, ruf, gaba da baya, an ɗaure da igiya tsaf kamar jarkokin ruwan da ake ratayawa a jikin motocin masu zuwa haƙar zinariya Tchibarakaten. Ruwa na ɗiga ta raga. Inna na zaune kan kujera ƴar tsuguno da kwano a hannu, tana yayyafa masa ruwa inda ya fara bushewa. Ashe ta ji mitata, ta yi wa abin da ɗanta ke ci da shi abin da ake yi wa duk wani abu da ake so ya yi sanyi, kafin in dawo kuma ta kwance ta shanya, don kada in san ta damu da ni. Da ta gan ni sai ta ajiye kwanon, ta gyara mayafi, ta wuce ɗakinta.

Raina ya ɓaci, ba zan ɓoye ba, amma tsoro ya fi ɓacin ran yawa. Na san in na furta cewa ita ce, gobe tana tasha. Na kashe kwamfutar, na buɗe ta na bar ta ta bushe sosai. Allah ya taimake ni ruwan bai ƙona komai ba. Ina zaune ina juya buhun a hannu sai na ga ai dabarar ba ta da laifi, wurin ɗora ta ne ba daidai ba. Na rataye shi a taga, na sa fankar ɗaki tana jawo iska ta cikinsa. Iskar garin nan a bushe take, nan da nan ɗakin ya yi sanyi. Na mayar wa kwamfutar gudunta na dā, na ɗora mata fim mafi nauyi, ta cinye shi ba gardama.

Da yamma na ɗaga murya ina gaya wa matata cewa dabarar Inna ce ta warkar da injin, sai dai buhun tagar na son mai jiƙa shi kullum. Washegari na dawo na tarar da buhun a bushe ƙarau, matata kuma ta raɗa mini cewa Inna ta ɗaure kayanta.

Na same su a tsakar gida. Inna ta juya mini baya, ta ce wa matata, "Ki gaya wa mijinki na san ni na so in kashe masa injin. Ba sai ya yi mini wayon yara ba."

Tun da na girma ban taɓa mayar mata da magana ba. Ranar na dubi matata na ce, "Ki ce mata gaskiya ne, ruwan ya so ya yi ɓarna. Ki ce mata tagar ma gaskiya ce. In kuma babu tagar, babu injin, ni dai ina so ta zauna. Na rasa Baba, ba na so in riƙa jin muryarta ta waya."

Matata ba ta maimaita ba, ta sunkuyar da kai. Can Inna ta miƙe ta je bakin ɗakin aikina, ta tsaya daga waje tana ƙare wa tagar kallo.

"Ki ce masa buhu ɗaya bai isa wannan tagar ba," in ji ta. "In kuma an samu mota mai tasowa daga Damagaram, a sako mini turmina."