Notin da Ya Ƙi Kwancewa

Ban iya tuƙi ba, har yau kuma ban koya ba. Sau ɗaya na taɓa zama a kujerar direba, wata Asabar bayan azahar, a harabar gidanmu da ke bayan barikin Shadawanka, kuma motar ko taku ɗaya ba ta yi ba.

Maigidana direban tasi ne. Daga Yelwa zuwa Wunti yake jigila, ɗalibai da 'yan kasuwa, tun kafin keke Napep ya cika gari. Da wannan tsohuwar motar muke ci muke sha, ita da lafiyar jikin mai tuƙa ta. A wancan makon ta fara zubar da baƙin mai. Ni na fara gani, don ni ke shara. Kullum da safe sai in tarar da baƙin tabo a ƙarƙashinta, in zuba toka in share, washegari ya dawo ya fi na jiya faɗi.

Sai ya kira abokinsa makanike, mutumin kudu, Kirista, wanda ya daɗe a Bauchi har ya fi wasu 'yan gari sanin lunguna. Maigidana Oga yake ce masa, shi kuma ya ce masa Direba. Hausarsa ba ta raba mace da namiji, kowa "kai" ne a wurinsa, har ni. Ɗan yatsansa ɗaya na hagu guntu ne. Duk sanda na miƙa masa ruwa sai idona ya kai wurin, in yi maza in kawar.

Suka ɗaga gaban motar da jak, suka cire tayar dama. A bayan tayar akwai wani faifan ƙarfe da bel ke zagayawa, fuli suke ce masa, yana bakin sandar da ke juya injin gaba ɗaya. Robar da ke tare mai tana bayansa, ita ce ta cinye. Sai an cire fulin za a kai gare ta, shi kuma noti ɗaya ne ya riƙe shi a tsakiya. Wannan notin ne ya ƙi.

Ina bakin kicin ina yanka kuɓewa ina kallonsu. Sun sa sifana, fulin ya riƙa juyawa tare da ita. Sun sa giya, maigidana ya take birki, Oga ya ja har jijiyoyin wuyansa suka tashi. Sun zura sifanar a wani dogon bututun ƙarfe don ta ƙara tsayi. Sun zuba kananzir, sun zuba man birki, sun buga da guduma.

"Wanda ya ɗaure notin nan da fushi ya ɗaure shi," in ji maigidana.

"Ni ne na ɗaure, bara waccan. Ranar kai ka ba ni haushi." Oga ya share gumi da gefen riga. "To, sai dai mu bar mota ya kwance da kansa."

Ga dabarar, yadda suka yi mini bayani. Za a sa sifana a kan notin, a tokare ƙarshen bututun da ƙasa, sannan a murɗa makulli. Injin zai yunƙura ya juya, bututun ya hana notin bin sa, sai notin ya saki. Sun cire wata waya don kada motar ta tashi gaba ɗaya. Amma sitatar da ke tayar da motar tana da halin maƙalewa, wani lokaci a saki makulli ita ba ta saki ba, don haka dole Oga ya tsaya wurin batir ya riƙe kan wayar batirin, in ta maƙale ya fizge. Maigidana zai tsaya wurin sifana. Yara duk suna Islamiyya. Saura mai murɗa makulli.

"Maman yara, ajiye wuƙar nan ki zo."

Ina ƙarama, akwai mai injin niƙa a unguwarmu wanda bel ya kama hannun rigarsa. Ina layi da ƙwaryar masara a ka lokacin. Ban ga komai sosai ba, manya sun tare, amma na ji yadda ƙarar injin ta canza kafin a kashe shi. Tun daga ranar ba na son tsayawa kusa da duk abin da ke juyawa da ƙarfin da ba na mutum ba. Maigidana ya san wannan. Na dube shi, ya kawar da kai.

Na wanke hannu na shiga. Kujerar ta lotsa daidai jikinsa, ni kuwa sai na nutse a ciki. An ɗaga bonet, ya tare mini gaba, ba na ganin kowa sai ta ɗan gefen gilashi.

"Madam, kai taɓa kawai, kai saki," Oga ya ce. "Kamar za ka taɓa tukunya mai zafi."

Na yi bisimilla na murɗa. Motar ta girgiza, wani ƙarfe ya yi ƙara ya faɗi. Na saki.

"Ta zame," na ji maigidana ya ce. "Simintin nan santsi gare shi. Sai an riƙe mata."

"Ba a riƙe wannan abu, Direba."

"Dannewa kawai zan yi, kada ta goce."

Na cire hannuna daga makullin na ɗora a cinya. Ban saba musa masa a gaban baƙo ba, ko a bayan baƙo ma ba kasafai ba. Amma bakina ya riga ni.

"Malam, in hannunka na kan ƙarfen nan, ba zan murɗa ba."

Sai Oga ya yi dariya ƙasa-ƙasa. "Ka ji. Yau gwamnati ya canza a gidan nan."

"Ke, la'asar ta kusa. Gobe da me zan fita?"

"Allah Ya kai mu goben da hannunka biyu. Ka nemi dutse ka tokare, ko ka ɗauki turmina."

Suka ɗauko turmin kuwa, suka kwantar da shi a bayan bututun, ya mirgina. Suka sa bulo, ya fashe tun a gwaji. Ina jin numfashin maigidana, na san ransa ya fara ɓaci. Ni kuma ina ta karanta duk addu'ar da ta zo bakina, har da ta shiga kasuwa.

Can sai ya miƙe, ya matso gefen gilashin gaba ta dama, ya manna tafukansa biyu a jiki, baƙi ƙirin da mai.

"Ga su nan, ƙirga. Sun cika?"

"Sun cika."

"To murɗa."

Daga ƙirji zuwa sama kawai nake ganinsa. Na ga kafaɗarsa ɗaya ta ɗan karkata kamar mai tsayuwa da ƙafa ɗaya, amma hankalina duk yana kan hannuwan. Oga yana can bayan bonet, shi ma ba ya ganin ƙasa. Na kafa wa yatsun nan goma ido, na yi bisimilla, na murɗa.

Ƙarar ta yi kama da an jefa tukunyar ƙarfe a rijiya marar ruwa. Hannuwan suka ɓace daga gilashin. Na saki makulli, sitata ta ci gaba da gurnani ita kaɗai, sai da Oga ya fizge waya. Daga nan ban ji komai ba. Da ma ihu ya yi, da na san da ransa. Na laluba ƙofa na rasa inda ake buɗewa, ƙofar da na ga ana buɗewa shekara da shekaru. Ta ɗaya kujerar na rarrafa na leƙa.

Yana zaune a ƙasa, ya jingina da bango, ya rungume ƙwaurinsa na dama, fuskarsa ta yi fari kamar an shafa toka. Silifas ɗinsa ɗaya yana can bakin rariya. Ashe da ƙafa ya take bututun. Da notin ya saki, bututun ya yi tsalle ya daki ƙashin.

"Ya kwance?" Abin da ya fara tambaya ke nan.

"Ya kwance," in ji Oga, ba dariya a muryarsa. Ya durƙusa ya naɗe masa ƙafar wando. Wurin ya riga ya kumbura, yana sheƙi. Ƙafar dama ce, ta birki da totur. Oga ya ce, "Motsa yatsa." Ya motsa, gumi na zuba daga haɓarsa. Da ya gwada takawa sai ya koma ya zauna, ya kama sunan Allah.

Oga ya fita da gudu ya taro keke. Ya ce asibiti, maigidana ya ce ƙauyen Miri, wurin wani tsoho mai ɗori da ya taɓa gyara wa ƙanensa hannu. Na jawo hijabi, na bar wa maƙwabciya saƙon yara. A cikin keken Oga na gaba, ƙafar maigidana na kan cinyata. Duk ramin da muka faɗa sai ya damƙe ƙarfen kujera, ni kuma in ji abin har cikin haƙorana. Muka wuce gidajen gari, gonaki suka fara.

"Ai hannu kika ce," maigidana ya faɗa a hankali, yana son in yi dariya.

Ban yi ba. Tunanina ɗaya ne, in ƙafar nan ta tafi, da hannuna aka tafi da ita.

Mun tarar da tsohon yana ɗaure dammunan dawa a ƙofar gida. Ya sa aka shimfiɗa tabarma, ya wanke hannu, ya yi tofi, ya fara bin ƙashin da babban yatsa tun daga gwiwa, sannu a hankali, idonsa a rufe. Da ya iso wurin, maigidana ya cije hannun rigarsa. Tsohon ya koma sama ya sake biyowa.

"Bai rabu ba," ya ce. "Tsagewa ce. Zan ɗaure, ka kwanta har wata ya mutu wani ya tsaya. In ka ji magana, za ka taka motarka. In ka ƙi, ni da kai mun daɗe tare."

Oga ya ɗaga hannu sama ya gode wa Allah da harshensu. Ni kuwa na zauna nan cikin ƙaiƙayi. Matar tsohon ta fito ta kama ni, ta shigar da ni ciki, ta ba ni ruwa a moɗa. Na roƙe ta buta da wurin salla, don la'asar ta wuce mu a hanya. Na tayar, ina jin nishin maigidana daga waje ana ɗaure masa karare. Har na sallame ban san raka'a nawa na yi ba, sai na miƙe na sake daga farko.