Zailani da Garin Tsamiya na Biyu

Daga Allah muke, gare shi za mu koma. Ranar Laraba, 6 ga Oktoba 2010, aka sanar da mu rasuwarka, Zailani Harouna, a gidanka na unguwar Bobiel.

Bana, bayan farin bara ya cinye gonaki, sojojin da ke mulki suka ce a raba hatsi, kai ne ka tsara mana aikin a ordinatar, wato kwamfuta. Ka koya mini abin da ake kira diksiyoner: sunan kowane gari shi ne mabuɗi, buhunansa na ajiye a bayansa. Ɗabi'arka ɗaya ce, ba ka duba buhuna sai ka fito da mabuɗan duka ka karanta su da baki. Manyan buronmu, wato ofishinmu, dariya suke maka. Su jimilla kawai suke so, wadda za a karanta a talabijin.

A haka ka ga Garin Tsamiya sau ɗaya ya fito, alhali biyu ne, ɗaya a Tawa, ɗaya a Damagaram. Diksiyoner ba ya riƙe mabuɗi iri ɗaya sau biyu, sai na baya ya shafe na farko. Gari guda ya ɓace da matansa da yaransa, babu wanda ya lura.

Ka roƙi diraktanmu a tsayar da motocin hatsi a gyara. Ya ce an riga an gayyaci 'yan jarida. Ka ce masa, "Ranka ya daɗe, mutane ne a bayan sunan nan." Ya mayar da kai ɗakin tsofaffin injuna. Kai kuwa ka yi ta bin buro-buro da mashin ɗinka har mota ɗaya ta tafi Tawa, a makare.

Jiya diraktan nan ya zo zaman makoki, babbar riga na ƙamshi, yana cewa ya yi rashin ɗan'uwa. Wallahi na raina shi, na kasa ba shi hannu. A bakin ƙofa kuma wani tsoho daga Garin Tsamiya na Tawa ya miƙa wa matarka Hajjo tiya ɗaya ta sabon gero. Ya ce jikokinsa biyu ba su jira motar ba, amma sauran sun ci.

Hajjo, Allah ya ba ki haƙuri, ke da yara. Zailani, Allah ya gafarta maka, ya haskaka kabarinka. Ubangijin da ba ya shafe wani bawa da sunan wani, ya kira ka da naka cikin 'yan Aljanna. Amin.