Wadda Ta Sha Dafin Teku

Wata Alhamis ce a watan Sha'aban na shekarar 1968, bayan la'asar. Ina tsaye a tsakar gidanmu a unguwar Hindawiyya ta birnin Jidda, na yafa mayafin mahaifiyata yana jan ƙasa, ga ludayi a hannuna, ina ihu da iyakar muryata: "Mu ne alloli, ku aljanu ne, ba za ku sha ba!" Babbar tasar nono ta kife a gabana, nonon yana bin rairayi har turken awaki. Shirun da yara suka yi ne ya sa na waiwaya. Sai ga mahaifina, da muke ce wa Abuya, tsaye a bakin ƙofa da carbi, dawowarsa ke nan daga masallaci. Shekarata tara a lokacin.

Gidanmu na kwano da katako ne, irin wanda ake kira sandaƙa. Kakanninmu a ƙafa suka zo hajji daga Haɗeja, suka zauna a Jidda. Abuya yana dako a tashar jiragen ruwa, Ummi kuma tana da awaki shida, tana sayar da nono. In na taso daga makaranta, ni ke yawon tsinto wa awakin ɓawon kankana a bakin kasuwa, ni ke jiran mai ruwa ya cika randa, ni ke riƙe ƙwarya idan Ummi tana burka nono da maburgi. Rawar kai kuwa Allah ya ba ni ita. Duk wasan da yaran lungunmu za su yi, ni ce shugaba, ko an zaɓe ni ko ba a zaɓe ni ba.

Cikin masu sayen nononmu akwai wata Ba'indiya, Khala Kamala, mai ɗinki a gidan wani attajiri a unguwar Bagdadiyya, wanda shi ne kafilinta, wato mai tsaya mata kan zamanta a ƙasar. Addinin Hindu take bi, ba ta cin nama, shi ya sa take tahowa duk Alhamis da safe da ɗan kwanonta. Larabcinta gurgu ne, amma ita da Ummi sai su yi ta hira suna dariya. Ta auna ni da zare, ta ce za ta ɗinka mini rigar sallah da ragowar yadi.

Rannan ta zuba wa maburgin Ummi ido, ta yi murmushi, ta ce a labarin mutanensu teku aka taɓa burkawa haka. Ummi ta shiga ɗaki, ni kuwa na nace sai ta ba ni labarin. Ta ce akwai Deba, waɗanda su suke kira alloli, akwai Asura, wato aljanu. 'Yan uba ne, kullum cikin yaƙi. Sai suka ji akwai ruwan rai a ƙasan tekun madara, wanda ya sha ba ya mutuwa, kuma ɓangare ɗaya ba zai iya fito da shi ba. Suka yi sulhu a kan za a raba. Suka ɗauko dutse ya zama maburgi, suka naɗe shi da ƙaton maciji, waɗannan suna ja ta wutsiya, waɗancan ta kai. Abin da ya fara fitowa dafi ne mai iya ƙone duniya, sai ɗaya daga manyan allolin ya kwashe ya shanye, maƙogwaronsa ya koma shuɗi. Da ruwan rai ya fito, wani allan ya rikiɗa ya zama kyakkyawar mace, ta ce ita za ta raba. Ta shayar da Deba kaf, ta bar Asura da ƙishirwa, yaƙi ya dawo sabo. Har ta nuna mini hoton a murfin gwangwanin alluranta, sannan ta ce, "Ya binti, 'yata, hikaya ce ta ƙasarmu. Ki bar ta a nan, halas, shi ke nan."

Ban bar ta a nan ba. Sati na zagayowa, Ummi ta tafi barka, na tara yara goma. Taɓarya ta zama dutse, igiyar shanya ta zama maciji, nonon da aka ajiye na sayarwa ya zama teku. Ƙawata Sakina, 'yar Hausawan Sudan da ke maƙwabtaka da mu, na naɗa ta shugabar aljanu, na rantse mata za a raba daidai. Suka ja igiya har tafin hannunsu ya yi ja. Ni kuwa na yafa mayafi na zama kyakkyawar mace, na bi 'yan ɓangarena da ludayi, na tsallake su Sakina. Sakina ta cafki tasa, na cafka, ta kife. A nan Abuya ya same ni ina kiran kaina abin bauta.

Bai ɗaga hannu ba. Ya sa na yi istigfari sau uku, sannan ya tambaya a hankali, "Hadiza, min allamik? Wa ya koya miki wannan?"

Da na ce labari na ji, na ƙirƙiri wasan da kaina, da bulala biyar ta kashe maganar. Amma tsoro ya ci ni. Na ce Khala Kamala ce ta ce mu yi, na ƙara da cewa tana da gunki a gwangwani, ta ce in gaishe shi. Har yau in na tuna yadda ƙaryar ta fito mini sumul, sai in ji kamar in nutse.

Magana zarar bunu ce. Abuya ya je wurin attajirin don kawai a ja mata kunne, shi kuwa attajirin ya ji tsoron abin da zai biyo baya, ya ce ba zai sabunta mata iƙama, wato takardar izinin zama, ba. Daga baya Ummi ta gaya mini an tambayi Khala Kamala ko gaskiya ne. Ba ta ce na yi ƙarya ba. Cewa ta yi, "Yarinya ce. Laifina ne da na buɗe baki." Tana da 'ya'ya biyu a ƙasarsu, da wannan ɗinkin take ciyar da su. Cikin azumi aka sa ta a jirgin Bombay.

Ana jibi sallah aka aiko da ƙunshi daga Bagdadiyya. Rigar ce, shuɗiya, an gama ta tsaf har da maɓallai. Ummi ta ce in sa, don ba a wulaƙanta kyauta. Ranar sallah na yini a cikinta ana ta yabawa. An ce ramin ƙarya ƙurarre ne, amma nawa ba wanda ya tona. Abuya ya rasu yana ganin ya ceci 'yarsa, ban taɓa samun ƙarfin gaya masa ba.

Yanzu sandaƙa ta tafi, awaki sun tafi, nono a kwali ake saye. Jikokina a unguwar Aziziyya suna kallon irin waɗannan labaran a waya, ba wanda ya ce musu kanzil, Hausar ma sai dai su ji su amsa da Larabci. Maburgin Ummi yana nan wurina. In na ɗauko shi, nakan so a ce Alhamis ce da safe, in ji sallamar gurgun Larabcin nan a bakin ƙofa, in roƙi gafara. Ni na burka tekun, ita ta sha dafin.